Zargin da Muka Ɗora wa Mu'minatu

Dutse,
11 ga Yuni, 2000.

Zuwa ga Yayata Adama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, yaya Yaya Idirisu da yara? Yaya damina a Ringim? Mu nan ruwa ya zauna, har katangar bayan makarantarmu ta zube. Ni lafiyata ƙalau, sai kewarki.

Kin tambaye ni abin da nake yi ran Asabar da ba na zuwa gida. Wata 'yar ƙungiya muka haɗa ta karatun littattafai, mu biyar, duk mata. Muna haɗuwa bayan la'asar a gidan Hajiya Talatu, wata dattijuwa mai sayar da atamfa. Akwai Zuwaira, nas ce a asibiti, bakinta ba ya gajiya. Akwai Radiyya, 'yar gidan malamai, tana koyar da Larabci a makarantarmu. Sai Mu'minatu, 'yar Buji, mai buga tafireta a sakatariya. Ita za ki iya saninta, domin ita ce matar marigayi Malam Kamilu, ɗan Malam Abdulwahab na unguwarku, wanda ya rasu bara. Ni nake karantawa da ƙarfi, su saurara, in an gama babi a yi ta musu.

Wannan karon Zuwaira ce ta kawo littafi daga Kano, sunansa Mai Tambayar Kabari. Labarin zamanin da ne, kafin jihadi, a wani birni da marubucin ya ƙirƙira. Akwai wani boka Ɗan'inna da yake tone kabari kafin gawa ta kwana bakwai, ya tashe ta, ya yi mata tambaya ɗaya tak, ta amsa ta koma. Sarki yana amfani da shi wajen gano masu kisa. Yaya, littafin nan akwai daɗi, amma akwai tashin tsigar jiki. Hajiya Talatu sai ta riƙa toshe kunne tana cewa in ci gaba. Radiyya kuwa tun babi na biyu ta ce wannan shirka ce aka yi mata ado, babu mai tada matacce sai Allah, kuma a wannan lokaci da ake shirin ƙaddamar da shari'a bai kamata a ji malaman makaranta suna karanta irinsa ba. Zuwaira ta ce ai labari ne, ba wanda ya ce a je a gwada. Da ƙyar Radiyya ta yarda ta zauna.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da ya faru jiya. Mun zo babi na shida, inda wani madugu ya sha fura daga hannun matarsa Gaji ya mutu. Aka tone shi, aka tsayar da matar a bakin kabari. Ina karanta inda gawar ta buɗe ido ta dubi matar, sai muka ji ƙarar kofi a ƙasa. Mu'minatu ce. Ta ce, "Munira, don Allah tsaya." Ta suri gyalenta ta fita, takalmi ma a hannu ta riƙe shi.

Muka dubi juna. Can Zuwaira ta ce, a hankali, "Kun san shi ma Malam Kamilu fura ya sha ranar?" Radiyya ta ce mu ji tsoron Allah. Amma ni tun jiya abin yake yawo a raina.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Munira.

Dutse,
2 ga Yuli, 2000.

Yayata Adama,

Assalamu alaikum. Na sami wasiƙarki, na ji daɗi da kowa yana lafiya. Allah ya ba Yaya Idirisu sa'ar geronsa. Rubutunki ya yi kyau wannan karon, har na ce ko sabon biro kika samu.

Kin ce in ci gaba da ba ki labarin Mu'minatu. To, Asabar biyu ba ta zo ba. Mu kuma, gaskiya, littafin ya zama hujja kawai. Ina karanta shafi biyu sai a rufe a koma kanta. A littafin an tabbatar Gaji ce ta zuba guba, kuma marubucin ya lissafa yadda ta riƙa yi kafin a gane ta: ba ta yi kuka ranar mutuwa ba, ta wanke ƙwaryar furar da wuri, ta ƙi komawa gidan dangin miji. Sai muka shiga gwada wannan da wancan.

Zuwaira ta ce ba ta bakin aiki ranar da aka kawo Malam Kamilu asibiti, amma ta ji cikinsa ya kumbura kamar tulu, kuma maƙwabta ne suka kawo shi, matarsa tana ofis. Hajiya Talatu ta ce mai yi mata kitso maƙwabciyarsu ce, ta shaida mata sun kwana uku ba sa magana kafin rasuwar, saboda yana so ta bar aiki ita kuma ta ƙi. Ni ma, Allah ya yafe mini, na tuna ranar gaisuwa na same ta zaune idonta a bushe. Da ta gama takaba kuma Malam Abdulwahab ya nemi ta dawo Ringim da yaran, ta ƙi, ta koma aikinta.

Radiyya ce kaɗai ba ta sa baki. Makon jiya ta tashi tsaye ta ce, "Na ce muku littafin nan ba alheri ba ne, amma ban zaci nan zai kai ku ba. Boka ɗaya ne a cikinsa, ku kun zama uku." Zuwaira ta ce da ma ustazai ba sa son a yi tunani. Suka yi cacar baki, Radiyya ta tafi.

Jiya sai ga Mu'minatu ta dawo, ta rame, ɗauke da jug. Ta ce ta zo ba mu haƙuri kan fitar da ta yi, ta damo mana fura da nonon Buji. Yaya, ba wadda ta sha. Hajiya ta ce cikinta ba daɗi. Zuwaira ta ce tana azumi, alhali na ga ta ci gyaɗa. Ni na kai kofin bakina na ajiye. Ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ta tambaya a ina aka tsaya. Da na ce an kama Gaji, sai ta ce, "Shi madugun, me ya ce da aka tashe shi? Ya yi mata magana?" Na ce sunanta kawai ya kira. Ta sunkuyar da kai har muka tashi.

Ki faɗa mini, mace mai gaskiya me zai dame ta da abin da gawa ta faɗa? Ban ce ta yi ba. Amma zuciyata ba ta kwanta ba, kuma yanzu in na gan ta a hanya sai in ga tafiyarta ma ta canza.

Don Allah maganar nan tsakaninmu ce. In kin karanta ki jefa takardar a murhu.

Taki,
Munira.

Dutse,
13 ga Agusta, 2000.

Yaya Adama,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya ke da maigida da yara. Ki gafarce ni da gajeriyar gaisuwa, raina a ɓace yake.

Wataƙila kin riga ni ji, tunda a unguwarku ake abin. Da aka yi hutu Mu'minatu ta kai yaranta, Misbahu ɗan shekara takwas da ƙanwarsa Albarka, wurin kakansu su yi mako biyu. Ran Laraba ta je ɗauko su, aka hana ta. Ko cikin gida ba a bar ta ta shiga ba. Ƙanen marigayin ya tsaya a zaure ya ce mata sun ji abin da ta yi wa ɗan'uwansu, har ƙawayenta na Dutse sun ƙi shan furarta, kuma yanzu da shari'a ta tsaya za su kai ta gaban alƙali.

Maganar furar nan mu uku ne a ɗakin, sai ita. To wa ya kai ta Ringim?

Jiya mun haɗu, ba a ko buɗe littafin ba, saura babi uku ya ƙare. Kowa tana kallon 'yar'uwarta ta wutsiyar ido. Ni Zuwaira nake zargi. Ita ta zaɓo littafin, ita ta fara ambaton fura, kuma na tuna ta taɓa cewa ta san Malam Kamilu tun suna makarantar sakandare. Wa ya sani ko da ma da niyya ta kawo shi? Ita kuma ta ce Hajiya ce, tunda masu saro atamfa daga Ringim kullum suna gidanta. Hajiya ta rantse da Alƙur'ani, ta ce a bincika Radiyya, ai gidan malamai duk bakinsu ɗaya. Radiyya ta ce ranar furar ba ta nan ma, sai a bakinmu ta ji. Gaskiya ne, amma har ita sai da na riƙa tunanin ko mahaifinta ya san Malam Abdulwahab.

Hajiya ta ce a dakatar da haɗuwa har a gano munafukar. Ta miƙo mini littafin ta ce kada ya sake kwana a gidanta.

Yaya, ki taimake ni ki saurara a unguwa. Ki bi a hankali ki ji daga bakin wa maganar ta fara fita. Ko da Mu'minatu ta yi, ba haka ya kamata a raba uwa da 'ya'yanta ba, balle ba wanda ya gani. In na gano wadda ta kai, wallahi sai na tona ta a gaban kowa.

Ƙanwarki,
Munira.

Dutse,
22 ga Agusta, 2000.

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Yaya jikin? Yaya idon? Don me kika ɓoye mini tun watan azumi ba kya ganin rubutu? Da kin faɗa da tuni mun je Kano an duba miki. Kada ki ƙara cewa in yafe miki. Kin nemi maƙwabciyarki Nana Aisha ta karanta miki wasiƙar ƙanwarki ta rubuta miki amsa, ina laifinki? Ke ba ki kawo a ranki ba cewa yayarta ce matar ƙanen Malam Kamilu. Kin ƙona takardar kamar yadda na ce, amma an riga an karanta.

Na karanta wasiƙarki, wadda Yaya Idirisu ya rubuta miki da hannunsa, a ɗakina. Sai da na koma farko sau uku. Ashe wadda nake rantsuwa zan tona ni ce.

Ban iya zuwa wurin kowa ba sai Radiyya. Na zaci za ta yi mini wa'azi. Ta dai saurara, sannan ta ce, "Tashi ki sa hijabinki, ni zan raka ki."

Mun sami Mu'minatu a tsakar gida tana wanke kayan makarantar yaran, waɗanda tun kafin hutu a wanke suke. Na durƙusa na faɗa mata komai, ban rage ba, har da kofin da na ajiye. Ba ta zage ni ba. Ta shiga ɗaki ta fito da takardar likita ta miƙa wa Radiyya. Gyambon ciki ne ya fashe wa mijinta. Ya shekara biyu yana fama, ya hana ta faɗa wa iyayensa don kada hankalinsu ya tashi.

Sannan ta ba mu labarin ranar. Gaskiya ne sun kwana uku ba sa magana saboda aikinta. Da safen ta dama masa fura, don ita kaɗai cikinsa yake karɓa, ta ajiye ba ta ce masa uffan ba. Ta kai bakin ƙofa sai ta ji ya kira ta daga ɗaki, "Mu'minatu." Sau biyu ya kira. Ta zaci maganar aikin zai tayar, ga shi ta makara, ta yi kamar ba ta ji ba ta fita. Kafin azahar aka zo ofis aka ɗauke ta zuwa asibiti, ta tarar an rufe masa fuska.

Ta ce, "Shekara ɗaya da wata uku ke nan ban san me zai ce mini ba. Ko cewa zai yi in kai shi asibiti, ko cewa zai yi ya haƙura. Da kika karanta an tashi mutum ya dubi matarsa, na san ƙarya ne, na san haramun ne, amma wallahi Munira a lokacin da bokan nan yana raye da na je wurinsa. Abin da ya fitar da ni ke nan. Tsoron kaina na ji."

Na tambaye ta don me ba ta kai musu takardar ba. Ta ce ta kai, ƙanen mijin ya ce ai mai buga tafireta ba za ta rasa yadda za ta buga takarda ba.

Ran Asabar zan zo Ringim da kaina.

Ƙanwarki mai laifi,
Munira.

Dutse,
10 ga Satumba, 2000.

Zuwa ga Yayata Adama,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida Yaya Idirisu da yara. Na yi magana da Zuwaira, ta ce akwai likitan ido da yake zuwa ran Talata, ki shirya in zo in ɗauke ki. Ki yi haƙuri da na shigo Ringim na fita ban biyo ta gidanki ba. Ban iya bin layinku ba, gani nake kowa ya san ni ce.

Ga yadda aka yi. Mu uku muka je, ni da Radiyya da Zuwaira. Ita Zuwaira da na faɗa mata gaskiya, har da zargin da na yi mata, ta yi kuka ta ce ita ce ta fara, kuma ta je ta nemo nas ɗin da ta karɓi Malam Kamilu ta ji komai daga bakinta. Hajiya Talatu ta ce ƙafarta tana ciwo.

Malam Abdulwahab ya karɓe mu a zaure, ya sallami ɗalibansa, ya kira ɗansa, ƙanen marigayin. Na ce, "Allah gafarta Malam, maganar da ta shigo gidan nan daga hannuna ta fito, kuma ban ga komai ba, ban ji komai ba." Ya ce to daga ina na samo ta? Yaya, sai da na buɗe baki a gaban dattijon nan na ce daga littafin labari. Ya ce in ba shi labarin. Na ba shi, da bokan, da madugun, da furar. Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Malama, yara kike koyarwa?" Na ce e. Bai ƙara cewa komai a kan wannan ba, kuma da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Zuwaira ta yi bayanin ciwon. Malam ya ce ya tuna Kamilu ya daina cin yaji shekara guda kafin rasuwarsa, ya tambaye shi ya yi dariya kawai. Ya share ido da rawaninsa. Ya umarci ɗansa gobe ya mayar da yaran Dutse da kansa ya ba matar ɗan'uwansa haƙuri, maganar alƙali kuma kada ya sake jin ta. Haka aka yi.

Ƙungiya ta watse. Littafin yana ƙasan akwatina, ban karanta sauran ba. Radiyya ta ce kada in ƙona shi, ba shi ya rubuta wasiƙa ba.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ran Alhamis da yamma na je gidan Mu'minatu in ga yaran. Ta amsa sallamata ta shimfiɗa mini tabarma. Albarka tana jikinta tana cin tuwo. Misbahu yana can gefe jikin bango, kwanonsa a rufe a gabansa. Ta ce, "Misbahu, ci mana, zai huce." Ya ce ya ƙoshi. Ta jawo kwanon ta gutsuri loma ta ci a gabansa, ta kurɓi ruwan kofinsa, ta mayar masa. Sai da ya ga ta haɗiye, ya ɗan jira, sannan ya sa hannu.

Ta ce mini tun da ya dawo haka suke yi, safe da rana da dare. A can ya ji komai, a bakin mata, wata uku kafin ya cika shekara tara. Kakansa ya zaunar da shi ya faɗa masa ƙarya ce, ya ce to. Amma ba ya ci sai ta ɗanɗana.

Na ce bari in yi masa magana, in gaya masa ni na ƙirƙira. Ta ce a'a, ya ji maganar manya ta ishe shi. Ta rako ni har ƙofa ta ce, "Munira, na yafe miki, har ga Allah. Amma ki ɗan daina zuwa. In na gan ki ba na iya haɗiye lomar, shi kuma yana kallona."

Ban koma ba. Radiyya ce take zuwa, ita take gaya mini. Ta ce jiya ya sha koko bai jira ba, amma da rana ya sake turo kwanon.

Ki sa shi a addu'a, Yaya, shi da uwarsa. In da saura, ki sa ni.

Ƙanwarki,
Munira.